Kukan Masunta, 'Yan Lambu da Makiyayan Rogo Kan Ciyawar da Ta Rufe Ruwa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Karaye, ta hannun mai girma Hakimin Rogo, tare da roƙon a isar ga duk masu alhakin ruwa, noma da lafiyar jama'a, na jiha da na tarayya.



Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda 'ya'ya ke yi wa uba, mu talakawanka na Rogo Sabon Gari da ƙauyukan da muke shan ruwa ɗaya da su, masunta da 'yan lambu da makiyaya da matan da ke ɗiba a rafi, mun haɗa baki muka rubuto wannan takarda. Dokar masarautu ta 2024 ta bar ƙasar Karaye da ta Rogo a ƙarƙashin wannan masarauta, saboda haka ƙofarka ce ƙofar da muka sani, kuma muryarka na kaiwa inda tamu ba ta kaiwa.

Ranka ya daɗe, kukanmu a kan ruwa ne. Da zarar damina ta ɗauke, rafuka suka rage gudu suka fara tsayawa gurbi-gurbi, sai ciyawa ta hau kansu. Kacala ta tsare baki, kainuwa ta bi tsakiya. Waɗannan biyun kowa ya san su. Wanda ya fi ɗaure mana kai shi ne wani ɗan mitsitsin ganye mai yawo a saman ruwa, wanda ɗayansa bai fi farcen ɗan yatsa ba, amma in ya haɗu sai ya shimfiɗu ya rufe gurbi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wani lokaci kore ne shar, wani lokaci, musamman da hunturu, ya rine ya koma ja. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Yaranmu da suka yi karatun aikin gona sun shaida mana cewa masana na kiransa azola, kuma yana cikin wani tsohon dangin tsirrai da ke yaɗuwa ta ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da kuma ta karyewar jikinsu, kowane guntu ya tashi da kansa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne inda ganyen ke zaɓa ya zauna. Rafi ɗaya ne, amma fuskarsa biyu. A sama, inda ruwa ke bin dutse da yashi, garau yake, mutum na ganin ƙafarsa a ciki. A ƙasa da lambuna, da inda kwatar gari ke zubowa, da wurin wanki, da mashayar da shanu ke tsayawa su yi kashi, nan ganyen ke yin kauri har tsuntsu ya taka bai nutse ba. Manomi in ya ga ƙuduji ya cika masa gonar dawa, ya san ƙasa ce ta gaji, kuma ya san cire ƙudujin kaɗai ba zai gyara ta ba. Haka muka fahimci wannan ganye. Shaida ne kan abin da ya shiga ruwan.

Ga bayanin kamar yadda aka yi mana shi, kuma ya dace da abin da idonmu ke gani. Cikin abincin da tsiro ke bukata akwai sinadarai biyu da suka shafi maganar nan: naitirojin, wanda shi ne ƙarfin takin yuriya, da fosfaras, wanda ke cikin kamfa da supa da kashin dabbobi da wasu sabulan wanki. Azola ba ya jiran naitirojin daga ruwa. A cikin ramin ganyensa akwai wata ƙaramar halitta da ke zuƙo masa shi daga iska. Abin da ya rage masa shi ne fosfaras. Inda babu shi, ganyen kan tsaya ɗan kaɗan a gefe, ja, ba ya cutar kowa. Inda ya wadata, yana iya ninka kansa cikin ƙasa da mako guda. Shi kuwa fosfaras, ɗabi'arsa ce ya manne wa ƙasa. Ruwan farko na shekara in ya kwaso jar ƙasa daga gonakin masara da rake da tumatir, da shi yake tahowa. Ya isa inda ruwa ya kwanta, ya zauna cikin laka. In ganye ya rufe saman ruwa, hasken rana ya daina shiga, iskar da ke narke a cikin ruwa ta ƙare a ƙasa, sai lakar ta saki fosfaras ɗin da ta riƙe, ganyen ya sake samun abinci. Wanda ya mutu ya nutse ya ruɓe, shi ma ya koma taki. Shi ya sa duk gayyar da muka yi muka kwashe shi da manjagara da tsohuwar koma, kafin mu gama hutawa ya dawo.

Tsami da gishiri su ma suna da hannu. Masana na auna ruwa da wani ma'auni daga 0 zuwa 14: bakwai ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Azola ya fi son ruwan da ke tsakiya ko mai ɗan tsami kaɗan. Ruwa mai ƙarfin kanwa ba ya yi masa daɗi, zartsi kuma yana kashe shi. Gudu ma ba ya so, sai kwantaccen ruwa. Akwai kuma wani ɗan uwansa mai ganye huɗu a kan siririn kara, da masana ke kira marsiliya, wanda ke kafa saiwa cikin taɓon bakin kududdufi. Shi ruwan da ke zuwa ya tafi yake so, domin ƙwayoyinsa na iya kwanciya shekaru a busasshiyar ƙasa suna jiran damina. Kowanne da irin ruwansa. Wanda ya iya karanta waɗannan tsirrai zai bi rafi da ƙafa ya nuna inda taki ke shiga da inda ƙazanta ke shiga, kafin ma a kai kwalba ɗakin gwaji. Hausawa kan ce kainuwa dashen Allah, kuma gaskiya ne ba wanda ya dasa ta. Amma abin da ke ciyar da ita da 'yan uwanta har su ƙwace ruwa, daga tudu yake gangarowa, kuma ana iya auna shi, ana iya rage shi.

Ranka ya daɗe, ba mu ne na farko ba, kuma labarin waɗanda suka riga mu ne ke ƙara mana fargaba. A kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, an kammala madatsar Kariba a 1959. Ruwa ya haɗiye dazuzzuka, abin da ya ruɓe ya zama taki, sai wata babbar 'yar uwar azola mai suna salbiniya, wadda asalinta daga Barazil take, ta hau tafkin. Zuwa 1962 ta rufe kusan murabba'in kilomita 1,000, wajen kashi ɗaya cikin biyar na tafkin duka. A nan Afirka ta Yamma kuwa, an kammala madatsar Diyama a ƙarshen kogin Sanagal a 1986 domin hana ruwan teku hawowa da rani. An cim ma wannan buri. Sai dai gishirin nan da ke hawowa kowace shekara shi ne ke share ciyawar ruwa. Da ya daina zuwa, kacala da kainuwa suka mamaye, a 1999 salbiniya ta biyo baya ta toshe hanyoyin ruwa, kuma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya samu mafaka, cutar ta ɓarke a garin Rishar Tol da kewaye. Sauyin ɗanɗanon ruwa na cikin manyan abubuwan da suka jawo wannan. Salbiniyar ba feshi ne ya karya ta ba, wani ɗan ƙwaro ne da ba ya cin komai sai ita, wanda masana suka kawo suka saki, ya rage ta cikin 'yan shekaru. Masunta mutane ne masu yawo, daga Yawuri da Kainji har Tafkin Chadi, kuma guntu ɗaya da ya maƙale a taru ko a gindin kwalekwale ya isa ya kafa ta a sabon wuri. In ta tarar da ruwa mai taki irin namu, ba za ta yi jinkiri ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya, ruwa ya riƙa zama a magudanai duk shekara, kacala ta toshe su, jan-baki ya samu wurin sheƙa yana cinye hatsin mutane. 'Yan uwanmu na can sun shafe shekaru suna fama.

Yanzu ga abin da muke sha, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko masunta. Kalli ba ya shimfiɗuwa a ruwan da ganye ya rufe, birgi in an jefa a saman ciyawa yake faɗuwa, mamari ya sarƙe. Wannan wahalar aiki ce, da ita kaɗai ce da mun jure. Babbar asarar ita ce kifin kansa. Kifi da iskar da ke narke a ruwa yake numfashi, kuma a gurbin da ya rufu iskar kan yi ƙasa ƙwarai gab da asuba. Tarwaɗa da gaiwa suna iya hawowa su shaƙi ta sama, su kan tsira. Karfasa da kawara ba su da wannan dabarar, sai a wayi gari a tarar da su sun juya ciki. Magidancin da ya gaji sana'ar su daga kakanninsa yau yana tura 'ya'yansa ci-rani, domin ruwan ba ya ciyar da gida biyu.

Na biyu 'yan lambu. Injin ban ruwa na zuƙo ganyen, bakin mesa ya toshe, inji ya yi zafi ya tsaya. Mai lambu ya sayi mai da tsada, ya ɓata rabin yini yana kwance mesa, tumatir da albasa suna jiran ruwa a tsakar rana.

Na uku makiyaya, kuma nasu ya fi ban tausayi domin dabba ba ta magana. Maraƙi da tunkiya na ganin kore su ɗauka ƙasa ce, su taka su faɗa. An ga irin wannan a Afirka ta Kudu, inda wani nau'in azola ya rufe madatsun gonaki har dabbobi suka riƙa nutsewa. Ruwan da ke ƙarƙashin ganyen kuma wari yake yi, shanu su sunsuna su juya. Dodon koɗin da ke zama cikin ciyawar ruwa shi ne mazaunin tsutsar ciwon hanta kafin ta shiga dabba. Mashaya in ta lalace, garke dole ya nemi wata, hanyar zuwa waccan kuwa sau da yawa ta cikin lambun wani take bi. Sarki ya fi mu sanin abin da kan biyo baya, domin fadarsa da ta hakimi ake kawo ƙarar.

Na huɗu mata da yara. Su ne ke shiga ruwa kullum, wanki da wanka da ɗiba. Yaron da ke fitsarin jini har an fara ɗaukarsa kamar ba komai ba, alhali tsargiya ce, kuma tana cin mafitsara a hankali. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ce kada sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga taki da ƙazanta, ya wuce miligiram 50 a lita guda, domin wanda ya wuce haka yana cutar da jinin jarirai. Uwar da ke dama wa jaririnta koko da ruwan rijiyar bakin fadama tana da haƙƙin a gaya mata ko nata ya wuce ko bai wuce ba.

Allah ya ja zamanin Sarki, mun yi haƙuri, kuma muna so a shaida mana da shi. Lokacin da aka gina madatsar Challawa, tsakanin 1990 da 1992, mai tsayin mita 42 da tsawon kilomita 7.8, wadda ke riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, gonaki da fadamu da matsugunan mutanen wannan yanki ne suka shiga ƙarƙashin ruwa. Iyayenmu suka karɓa a matsayin ci gaban ƙasa. Ruwan da ke tashi daga tudunmu shi ne ke bin kogin Challawa har matatar da ke shayar da birnin Kano, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. Muna alfahari da haka. Da muka ji a 2014 cewa Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 don gyaran noman rani a arewa, aka kuma yi aiki a Kura da Bunkure da Garun Malam da kwarin Haɗeja, mun taya 'yan uwanmu murna. Abin da muke tunatarwa shi ne ruwa daga sama yake farawa. Jar ƙasar da ke barin gonakinmu ita ce lakar da ke cike madatsar, takin da ke tsere mana kuma shi ne abincin ciyawar da za a kashe kuɗi a yaƙa a can ƙasa.

Alkawura kuwa mun ji su da yawa, kuma ba za mu kama sunan kowa ba, domin ba tozarta wani muka zo yi ba. An taɓa zuwa da mota da kwalabe, aka sa yaranmu suka shiga suka ɗebo ruwa wuri-wuri, aka rubuta a jikin kowace kwalba, aka ce za a dawo da sakamako. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gani. Wannan ya fi komai yi mana ciwo, domin aikin an riga an yi rabinsa, saura faɗa. An ce za a yashe mashayu. An ce za a turo malaman gona su zauna da mu. An ce za a zuba 'ya'yan kifi, alhali zuba kifi a ruwan da ba iska asarar kuɗi ce. Kowace kakar zaɓe maganar na tasowa, bayan an rantsar ta kwanta. Duk da haka ba mu tare hanya ba, ba mu zagi kowa a rediyo ba. Mun ci gaba da gayya da hannunmu, muna biyan abin da aka ɗora mana a kasuwa da bakin ruwa.

Roƙonmu na farko, wanda sauran duka suka rataya a kansa, shi ne a auna ruwan, kuma a gaya mana. A auna fosfaras da naitiret da tsami da gishiri da iskar da ke cikinsa, da ragowar maganin feshi. A yi haka a wurare tsayayyu, sama da lambuna da ƙasa da su, da bakin kwatar gari, da inda rafuka ke shiga madatsa, kuma a yi da ruwan farko, da ƙarshen damina, da tsakiyar bazara, domin ruwan watan Yuni ba shi ne na watan Maris ba. Masu ilmin ba su yi nisa ba. Akwai su a Jami'ar Bayero, akwai su a Samaru ta Zariya wadda ke kusa da mu, akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa a Mando ta Kaduna, da ta binciken kifi a Sabuwar Bussa. Sakamakon a karanta shi da Hausa a ƙofar hakimi, a manna kwafi inda mai karatu zai gani.

Muna roƙo da babbar murya kada a zo mana da feshin maganin ciyawa a kan ruwa. Mun san shi ne mafi sauƙi, kuma cikin kwana kaɗan za a ga fuskar ruwa a ɗauki hoto. Amma ganyen da ya mutu gaba ɗaya nutsewa zai yi ya ruɓe ya cinye sauran iskar, kifi ya mutu, takin ya koma laka, ciyawar ta dawo. Mu da dabbobinmu kuma ruwan za mu sha.

Takin da ke shiga rafi daga gonakinmu yake fitowa, wannan ba mu ɓoye ba. Amma ba manomin da ke sayen buhun kamfa a farashin yau don ya ciyar da ciyawar ruwa. Masana sun ce sau da yawa shuka ba ta cin ko rabin naitirojin da aka watsa mata. A turo malaman gona su nuna a aikace yadda ake binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, da raba shi kashi-kashi, da gwajin ƙasa don mutum ya san abin da gonarsa ke nema. A taimaka a dasa jema da gamba a tsakanin gona da bakin rafi, domin saiwarsu na tare ƙasa da abin da ta ɗauko. Sai dai a tuna cewa mai ƙasa da kadada ɗaya ba zai iya barin bakin fadamarsa, wurin da ya fi albarka, ba tare da an dube shi da wani abu ba. A kuma gyara kwatocin gari da bololin da ke bakin rafi, a ware wurin wanki nesa da mashaya.

Shi kansa azola ba maƙiyi ba ne in an san yadda za a yi da shi. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun shafe ɗaruruwan shekaru suna renonsa a fadamu suna binne shi ya zama taki, saboda naitirojin ɗin da yake tarawa, kuma a ƙasashe da dama ana haɗa shi cikin abincin kaji da kifi da shanu. In za a koya wa matasanmu kwashe shi da sarrafa shi, gayyar da muke yi kyauta za ta zama sana'a, kuma kowane kwando da ya bar ruwa ya fita da fosfaras ɗinsa. Amma ganyen na zuƙar guba in akwai ta a ruwan, don haka ba za mu ba dabbobinmu shi ba sai an yi gwajin da muka roƙa.

Muna kuma roƙon a duba yaran makarantun bakin ruwa a ba masu tsargiya magani, a kuma ba sarakunan ruwa umarni da goyon baya su riƙa sa baƙin masunta su wanke taru da kwalekwale su shanya kafin su shiga ruwanmu.

Daga ɓangarenmu, kwalekwale da matuƙa suna nan kyauta ga duk wanda aka turo. Dattawan da suka san kowane gurbi da sunansa za su raka shi, matasanmu masu karatu za su riƙe littafin aunawa in an nuna musu. Muna roƙon Mai Martaba ya sa a ba mu rana, kafin ruwan farko na bana ya sauka, da wakilanmu za su zauna a fada da waɗanda abin ya shafa, a tsayar da wuraren da za a fara aunawa da wanda zai kawo sakamako.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya ba shi ikon isar da kukan talakawansa.



A madadin masunta, 'yan lambu, makiyaya da matan Rogo Sabon Gari da ƙauyukan kewaye.